Karatun masta da doktora a ƙasar waje: abin da ɗalibi da iyayensa za su tanada kafin tafiya

Duk shekara idan jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa suka yaye ɗalibai, sai a ji gidaje da dama sun shiga shawarar tura yaro waje ya ƙaro ilimi. Wasu har gona ko shanu suke saidawa. Wannan bayani mun tattara shi ne don gida ya san abin da ake bukata tun kafin a taɓa dukiya. Ita wannan tafiya shekara guda cur ake shirya ta, daga wannan kaka zuwa waccan, kuma duk wanda ya fara da biyan kuɗi kafin ya ga takardar karɓa, ya fara ta baibai.

Wane karatu ake nufi?

Jami'o'in Nijar suna bin tsarin da ake kira LMD. Bayan BAC, ɗalibi yana yin shekara 3 ya samu lisans, ya ƙara 2 ya samu masta, sannan aƙalla 3 na bincike ya samu doktora. Maganarmu a nan ta mai lisans ce da ke neman masta, ko mai masta da ke neman doktora. Kafin a duba waje, a fara tambaya ko fannin yana nan gida, a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, André Salifou ta Damagaram, Djibo Hamani ta Tawa, ko Jami'ar Musulunci ta Say. In akwai shi, kuɗin jirgi kaɗai ya isa ya riƙe ɗalibi watanni.

A tabbatar da makarantar tukuna

Akwai makarantu masu zaman kansu da ke ba da diplom ɗin da ba a aiki da shi idan an dawo. A ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, hukumar CAMES ce ke tantance takardun jami'a. An kafa ta a nan Yamai a 1968, hedkwatarta kuma tana Wagadugu. Ɗalibi ya duba ko fannin da zai karanta a wannan makaranta yana cikin waɗanda CAMES ta amince da su, ko kuma makarantar ta gwamnatin ƙasar ce. In ƙasar ba ta cikin CAMES, kamar Najeriya, Turkiyya, Sin ko Masar, ya je ma'aikatar ilimi mai zurfi ya tambaya yadda ake daidaita takardarsu da tamu. Wannan tambaya ta yini guda tana iya ceton shekara biyu.

Ina ake samun tallafin karatu?

Ƙofar farko ita ce hukumar ANAB a Yamai, wadda ke kula da alawus da tallafin karatu na ɗalibai. Ta nan ake sanar da guraben da ƙasashe abokan hulɗa irin su Maroko da Aljeriya ke ba Nijar. Irin wannan tallafi sau da yawa bai cika ɗaukar komai da komai ba, don haka a karanta sanarwar a ga ko akwai tikitin jirgi da masauki a ciki.

Turkiyya tana da shirin Türkiye Bursları, wanda aka saba buɗewa daga Janairu zuwa Fabrairu ta intanet. Mai neman masta kada ya kai shekara 30, mai neman doktora kada ya kai 35. Suna biyan kuɗin makaranta, masauki, inshorar lafiya, tikiti da alawus na wata, kuma shekarar farko ta koyon Turkanci ce. Gwamnatin Sin ma tana da nata shirin, Jamus tana da hukumar DAAD, haka Bankin Musulunci na raya ƙasashe, wanda Nijar mamba ce a cikinsa, yana ba da tallafi musamman a fannonin kimiyya. Masu karatun Larabci da addini sun san Azhar ta Masar da Jami'ar Musulunci ta Madina. Sudan da ɗalibanmu suka saba zuwa tana cikin yaƙi tun Afrilun 2023.

Mai biya daga aljihunsa ya dubi maƙwabta. A ƙasashen UEMOA, irin su Senegal, Burkina Faso, Benin da Togo, ƙa'idar ƙungiyar ta 2005 ta ce a jami'o'in gwamnati ɗalibin ƙasa mamba ya biya daidai da ɗan ƙasa. A Najeriya kuwa ga Jami'ar Bayero a Kano, Ahmadu Bello a Zariya da Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, kusa da gida, sai dai karatun da Ingilishi ake yi.

Takardun dosiye

Kusan ko'ina waɗannan ake nema:

1. Takardar haihuwa da takardar shaidar ɗan ƙasa.
2. Fasfo. Ana yin sa a hukumar DST ta ƴan sanda. A nema da wuri, kuma a duba wa'adinsa bai kusa ƙarewa ba.
3. Diplom na BAC, na lisans, da na masta ga mai neman doktora, tare da takardun maki na kowace shekara.
4. Takardar kotu mai nuna mutum ba shi da laifi a kansa, wadda aka fi sani da kaziye. Wata 3 kawai take aiki, don haka ita ce ta ƙarshe da za a ciro.
5. Takardar likita da katin rigakafin shawara.
6. Wasiƙun shaida daga malamai biyu ko uku da suka koyar da ɗalibin.
7. Wasiƙar bayanin dalilin neman karatun, da tsarin bincike ga mai doktora.

Kofen kowace takarda sai an buga masa hatimi a ofishin magajin gari ko a kwamisariya. Wasu ƙasashen suna ƙara neman hatimin ma'aikatar harkokin waje, da fassarar tafintan da kotu ta rantsar.

Ga wani abu da ke kayar da ƴaƴan karkara da yawa: bambancin suna. A takardar haihuwa an rubuta Mahamadou, a diplom Mamane, ko kuma ranar haihuwa ta saɓa. A wurinmu mutum guda ne, a wurin mai duba dosiye mutum biyu ne. A jera takardun duka a duba harafi bayan harafi, in an ga saɓani a gyara tun yanzu, don gyaran yana cin watanni.

Mai neman doktora yana bukatar malamin da ya yarda zai duba bincikensa a can. Ya rubuta wa malamin da kansa, a taƙaice, ya nuna ya karanta ayyukansa.

Harshe

Ƙasashe masu koyarwa da Ingilishi suna neman jarrabawar TOEFL ko IELTS, sakamakonsu kuma shekara 2 yake aiki. Na Faransanci akwai TCF, shi ma shekara 2, da DELF ko DALF waɗanda ba sa ƙarewa. Wasu jami'o'in suna yafe wa ɗan Nijar jarrabawar Faransanci tunda da shi ya yi lakkol, amma a nemi hakan a rubuce.

Lissafin kuɗi

Yuro guda sefa 655 ne da ɗoriya, kuma ba ya hawa ba ya sauka. A baya, Faransa ta yi shekaru tana neman ɗalibi ya nuna yana da Yuro 615 a wata, kimanin jikka 403. Jamus tun Satumbar 2024 tana neman a ajiye Yuro 11,904 na shekara a wani asusu na musamman, wato sama da miliyan 7 da jikka 800. Waɗannan adadi sukan canza, a sake dubawa kafin a ajiye dosiye. Ban da su akwai kuɗin biza, tikiti, inshora, kuɗin ajiya na ɗaki, da tufafin sanyi.

Ko mai tallafi ya riƙe guzurin wata biyu zuwa uku, saboda alawus na farko yakan yi jinkiri. Kada kuma a dogara da cewa zai yi aiki a can. A Faransa doka ta ba ɗalibi awa 964 ne kacal a shekara, abin da zai samu na cefane ne, bai kai ya riƙe gida biyu ba. Iyaye su sani ɗansu karatu ya tafi, ba ci-rani ba. Wanda ake buga wa waya kowane wata a kan kuɗin taki ko na suna, bincikensa ne ke biya.

Biza da hanya

Biza tana zuwa ne bayan takardar karɓa daga makaranta. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, saboda haka mai nufin can ya fara binciken inda zai ajiye dosiyensa kafin ya kashe ko dala. Haka nan Nijar ta fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025. Mai zuwa Najeriya, Gana ko Benin ya tambayi ofishin jakadancin ƙasar irin takardar zama da ake nema ga ɗalibi a yanzu.

Hattara da ƴan damfara

Shirye-shiryen tallafi na gaskiya ba sa saida gurbi. Duk wanda ya ce a turo masa kuɗi ta waya zai samo biza ko gurbi a cikin sati guda, a guje shi. Alamominsu sanannu ne: gaggawa, saƙon WhatsApp maimakon wasiƙar jami'a, da neman a ba su fasfo su riƙe. In takardar karɓa ta zo, a rubuta wa jami'ar ta adireshin da ke shafinta a tabbatar. Takardar jabu kuwa, ko ta banki ko ta makaranta, tana iya sa a hana mutum biza shekaru.

Rawar ƴan uwa mazauna waje

Ku da kuke can, taimakonku ya wuce turo kuɗi. Ku leƙa makarantar ku gani da ido, ku faɗi gaskiyar tsadar haya, ku tarbi yaro a filin jirgi, ku haɗa shi da ƙungiyar ɗaliban Nijar ta garin. In ɗiya mace ce, tabbataccen masauki da sanin wanda za ta kira in ta shiga matsala su ne ke kwantar da hankalin iyaye.

Kafin a yi sallama

Ɗalibi ya ɗauki hoton takardunsa duka ya adana a imel, ya bar kofe a gida. Mai iyali ya zauna da mai ɗakinsa da magabata a tsaida wanda zai riƙe gida da gona. Da ya sauka, ya yi rajista a ofishin jakadancin Nijar mafi kusa, ya kuma nemi katin zama kafin wa'adin bizarsa ya cika.

Mai nufin tafiya a Satumba ko Oktoba mai zuwa, fasfo da gyaran suna aikin wannan watan ne. Allah ya ba da ilimi mai amfani, ya maido mana da su lafiya.