Kanwa a Ƙoƙon Mara Lafiya: Tarihin Kunu a Ƙasar Daura

A ƙasar Daura, idan hunturu ya kankama, mura da zazzaɓi suka kwantar da mutum, ba tuwo ake fara kawo masa ba. Tuwo na mai ƙarfi ne. Abin da ke fitowa daga madafi shi ne kunu mai tururi a ƙoƙo, da ludayi a kai, uwar gida tana lallashi: "Daure ka sha ko kaɗan ne, ka samu ka yi gumi." Masu dubiya ma, bayan "yaya jiki?", tambayarsu ta biyu ita ce ko ya iya shan wani abu.

Gero ne tushen kunun, kuma shi ɗan gida ne, domin jigawar Daura ta fi karɓarsa a kan kowane hatsi. Tsamiyar da ake jiƙawa don ta farfaɗo da bakin da zazzaɓi ya kashe, ita ma a bayan gari take. Sauran kayan kuwa kusan duk baƙi ne. Masoro da kimba daga kurmin kudu fatake suke hauro da su. Citta mafi suna a yau daga kudancin Kaduna take zuwa, wajen Kwoi da Kachiya. Kanumfari asalinsa tsibiran Maluku ne na Indunusiya, sunansa ma daga Larabci aka aro shi. Barkono, wanda ake ɗauka kamar da shi aka halicci miya, daga nahiyar Amurka ya fito, bai iso Afirka ba sai bayan 1492. Wato farfesun da kaka ke rantsuwa da shi wajen korar mura bai kai rijiyar Kusugu tsufa ba.

Amma babu baƙon da ya samu gindin zama kamar kanwa. Ana haƙo ta a busassun tafkuna na ƙasar Manga da Muniyo da gaɓar tafkin Chadi, kuma kowace da sunanta a kasuwa: jar kanwa, farar kanwa, ungurnu. Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa kanwar da ke ratsa birnin a shekara ba ta gaza lodi 20,000 na takarkarai da jakuna ba. Daura tana kusa da bakin wannan hanya. A ƙarni na 19, bayan jihadi ya raba sarautarta, Fulani suna birni, zuriyar sarakunan Haɓe suna Zango da Ɓaure, Zango ta jingina da Damagaram, daular da ikonta ya kai har Muniyo. Siyasa ta raba gidan sarauta, amma jakunan kanwa ba su daina zuwa ba.

A madafi aikin kanwa sananne ne: tana nunar da wake da wuri, tana sa miyar kuka da kuɓewa yauƙi, tana kashe tsami. A wajen jinya kuwa an ba ta matsayin da ya wuce haka, musamman ga maijego. Tsohon ilimin gida ya ɗauki sanyi a matsayin babban abokin gabar macen da ta haihu, wanda idan ya shige ta zai kumbura ta. Saboda haka ake kewaye ta da zafi har kwana 40: wankan tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, ƙauri da yajin jego, sannan kunun kanwa don ya wanke ciki ya kawo nono. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954 daga bakin wata dattijuwar ƙasar Zazzau, ya nuna yadda wannan tsari ya kafu a rayuwar matan Hausa. Ba mugunta ba ce, gata ne: kwana 40 da mace ba ta daka, ba ta ɗebo ruwa, ana dafa mata nama.

Daga nan labarin ya juya. A shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka lura da yawan matan da ake kawowa bayan haihuwa da kumburin ƙafa da sarƙewar numfashi, zuciya ta gaza. A 1978 suka wallafa bincikensu a kan mata 224. Hujjarsu mai sauƙin fahimta ce: kanwa gishiri ce mai cike da sinadarin sodiyam, wanda ke tara ruwa a jiki, zafin wanka da na gado kuma yana buɗe hanyoyin jini, sai aiki ya yi wa zuciya yawa. Abin tausayi shi ne, kumburin da aka gani sai a ce sanyi ne ya shiga, a ƙara wuta, a ƙara kanwa.

Shekaru da dama wannan bayani shi ne karɓaɓɓe a littattafan likitanci na duniya. Sai Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa suka sake bin sawun cutar a asibitoci da yawa na Nijeriya. Sakamakon da suka fitar a 2020 ya tabbatar da cewa ta fi yawa a arewa maso yamma, amma bai sami alaƙa tsakaninta da wankan jego ko kunun kanwa ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, rashin karatun boko, rashin aikin yi, da hawan jini na masu juna biyu. Tun kafin nan ma, binciken Karaye a Kano ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu cutar. Laifin ya tashi daga kan abin da ke cikin ƙoƙo ya koma kan abin da mace ta rasa tun kafin ta haihu.

Wannan bai wanke kanwa sarai ba, domin duk wanda zuciyarsa ta riga ta raunana, ko jininsa ke hawa, likita zai hana shi gishiri kowane iri. A gidajen Daura da Mai'aduwa da Sandamu dai har yanzu ana dama wa maijego kunu, sai dai ya samu kishiya: shayi da citta da kanumfari a fulas, wanda 'yan dubiya ke riƙowa har gadon asibiti.