Daga Littafin Haraji Zuwa Kwamfuta: Tarihin Takardar Haihuwa a Ƙasar Cadakori

Duk malamin da ya taɓa haɗa takardun ɗalibai domin jarrabawar BEPC ya san wannan ciwon kai: yaro sunansa Mamane a rajistar makaranta, Mahamane a takardar haihuwa. Da can magatakarda kan duba ya gane mutum ɗaya ne. Kwamfuta kuwa mutum biyu take gani. Matsalar ta girmi kwamfuta, kuma sanin asalinta zai taimaki iyaye da malamai a Cadakori da Gidan Rumji, har zuwa Agye da Gazawa.

Rubuta sunayen talakawa a littafin hukuma ya faro ne a zamanin Turawan Faransa, waɗanda suka mai da Nijar cikakkiyar ƙasar mulkin mallaka a 1922. Abin da ya dame su shi ne haraji da aikin tilas da ɗibar soja. Saboda haka littafin ƙidaya ya fi kula da mai gida da yawan kawunan da ke ƙarƙashinsa. Shekaru kuwa da ido ake ƙiyasta su. Ba abin mamaki ba ne da mutane suka riƙa ɓoye ƴaƴansu, tunda shiga littafi na nufin ƙarin kuɗin biya. A 1950 aka fito da dokar da ta wajabta bayyana haihuwa ga mazauna cikin kilomita 10 daga cibiyar rajista. Ƙauyukan nesa suka zauna a waje. Wannan ne ya sa takardun dattawa da yawa ke ɗauke da kalmomin Faransanci «né vers», wato an haife shi wajajen shekara kaza.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, gyara ya zo sannu a hankali. An tsara aikin rajistar da dokar 1985. Zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya ba garuruwa irin su Cadakori magajin gari zaɓaɓɓe, sannan dokar 2007 ta ƙara kusanto da wuraren bayyana haihuwa zuwa ƙauyuka da gidajen likita. Binciken ƙasa ya nuna yara ƴan ƙasa da shekara 5 da aka yi wa rajista sun tashi daga kashi 32 cikin 100 a 2006 zuwa kashi 64 a 2012. Wanda wa'adi ya wuce shi sai ya nemi hukuncin alƙali, shi ya sa alƙalai kan fita rangadi ƙauyuka.

Dokar 1 ga Yuli 2019 ta sa wa'adin bayyana haihuwa kwana 60, ta kuma buɗe hanyar mai da rajistar cikin kwamfuta. A nan ne tsohuwar takarda ke komawa fom mai gurabu, kuma kowane gurbi abu ɗaya yake karɓa.

Gurbin ranar haihuwa yana son rana da wata da shekara. Ba shi da wurin «wajajen», don haka akan cike shi da 1 ga Janairu. Ko tsofaffin shugabannin ƙasa Mahamadou Issoufou da Mohamed Bazoum, tarihin rayuwarsu 1 ga Janairu yake nunawa, ɗaya 1952, ɗaya 1960. Ga ɗalibi kuwa, shekarar da aka ƙiyasta ta zama tabbatacciya, kuma da ita za a auna shi duk inda aka sa iyakar shekaru.

Gurbin suna ya fi wuya. Fom irin na Turai yana tambayar sunan mutum da sunan iyali. Bahaushe kuwa sunan yanka gare shi, sai na mahaifi, sai laƙabi irin su Ɗan Ladi ko Tanko, wanda sau da yawa ya fi na yankan fita. Kuma jaririn da aka haifa gidan likita yakan koma gida kafin ranar suna. Ga kuma rubutu: haruffan ɗ da ƙ da ɓ babu su a Faransanci, Yusufu ya zama Issoufou, Cadakori ta zama Chadakori. Ƙasa ta ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, amma sunayen da ke cikin tsofaffin littattafai suna nan yadda magatakarda suka ji su.

Amfanin kwamfuta a fili yake: gara da ruwan sama ba sa cin abin da ke cikinta, kuma neman kwafi ba ya buƙatar kwana ana buɗe littafi. Sai dai kuskuren da ya shiga cikinta yakan bi mutum zuwa katin ɗan ƙasa da fasfo da takardar shaidar karatu, gyaransa kuma sai an bi ta hannun shari'a.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Uba ya je a rubuta haihuwa da zarar an raɗa suna, ya sa a karanta masa abin da aka rubuta kafin ya bar wurin. Malami kuma ya kwafi sunan yaro daga takardar haihuwa harafi bayan harafi tun ranar da aka kawo shi ajin farko. Idan babu takardar, ya sanar da iyaye a shekarar nan, kada a jira sai jarrabawa ta ƙarato.