Suturar Matasan Tokyo da Littattafan da Suka Adana Tarihinta

Gabatarwa

Sutura tana daga cikin abubuwan al'ada da suka fi saurin ɓacewa. Riga takan tsufa a yar da ita, yayi ya wuce, kuma ba safai ake ajiye kayan mutanen gari a gidan tarihi ba. Wannan maƙala ta dubi yadda aka adana tarihin suturar matasan birnin Tokyo na ƙasar Japan, da irin hujjar da mai bincike zai samu daga littattafan da aka wallafa a kanta.

Ƙidayar Ginza

Bayan girgizar ƙasa ta 1923 wadda ta rusa yawancin Tokyo, wani malamin fasahar gini mai suna Kon Wajiro ya shiga nazarin yadda mutane suke sake gina rayuwarsu. A 1925 shi da abokan aikinsa suka tsaya a titin Ginza suna ƙidaya masu wucewa, suna zana takalmi da hula da gyaran gashi. Sun sami cewa kashi 67 cikin 100 na maza suna sanye da kayan Turawa, amma mata kashi 1 ne kawai, sauran duk kimono suka sa. An tattara wannan aiki cikin littafin Modernologio a 1930. Muhimmancinsa shi ne ya gyara zaton da jaridun lokacin suka cusa, wato cewa 'yan mata masu shigar Turawa sun cika gari.

Unguwar Harajuku

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka sun gina wa iyalansu gidaje a Yoyogi, daura da Harajuku, sai kantunan kayan Turawa suka buɗe a unguwar. A 1964 aka mayar da gidajen masaukin 'yan wasan Olamfik. Daga 1977 aka riƙa hana motoci bin babban titin unguwar ran Lahadi, sai ya zama dandalin matasa. A nan ne 'yan Takenoko suka yi tashe, suna rawa cikin riguna masu faɗi da launi mai ƙyalli. Littafin Ametora na W. David Marx (2015) ya bi diddigin yadda Japanawa suka ari shigar Amurka har suka mayar da ita tasu.

A 1997 mai ɗaukar hoto Aoki Shoichi ya kafa mujallar FRUiTS. Kowane shafi hoton mutum ɗaya ko biyu ne a tsaye a titi, tare da shekarunsa da inda ya samo kayan jikinsa. Kamfanin Phaidon ya fitar da zaɓaɓɓun hotunan a littafi a 2001, da na biyu a 2005. A 1998 aka sake buɗe wa motoci titin, sa'an nan tufafi masu araha na manyan kamfanoni suka yawaita. A 2017 Aoki ya dakatar da fitar da mujallar wata-wata, bisa dalilin cewa waɗanda suka cancanci ɗauka sun yi ƙaranci.

Gudummawar Ƙagaggun Labarai

Wani reshe na wannan ado, wanda ake kira Lolita, daga littattafai ya sha ruwa. Siket mai kumbura da leshi da ƙaramar lema sun yi kama da zanen da ke cikin labarin Alice na Lewis Carroll (1865), da kuma jerin labarin zane na Ikeda Riyoko, The Rose of Versailles (1972 zuwa 1973), wanda ya shafi fadar Faransa gab da juyin juya hali. Daga baya adon ya koma cikin adabi, domin a 2002 Takemoto Nobara ya wallafa Shimotsuma Monogatari, labarin wata yarinyar ƙauye mai irin wannan shiga, aka yi fim ɗinsa a 2004.

Kammalawa

Waɗannan littattafai hujjoji ne iri biyu. Kon ya ƙidaya duk wanda ya wuce, don haka aikinsa yana nuna abin da jama'a suka saba sawa. Aoki kuwa zaɓe ya yi, wanda ya fita daban shi ya ɗauka, don haka hotunansa suna nuna iyakar inda ƙirƙira ta kai a unguwa ɗaya. Wanda ya ɗauki FRUiTS a matsayin hoton matasan Japan baki ɗaya ya maimaita kuskuren jaridun da ƙidayar Ginza ta gyara. Ya kamata ɗalibin al'ada ya fara tambayar yadda aka zaɓi mutanen da ke cikin hoto kafin ya yanke hukunci a kan zamaninsu.