Masu sharar ruwa: daga akwatin kifi a Landan zuwa kududdufan Gafasa

1/ Jama'a, yau tarihin katantanwa zan ba ku. E, dodon koɗi dai da kuka sani. Turawa masu kiwon kifi a akwatin gilashi da kuɗinsu suke sayen ta don ta share musu ruwa. Mu kuma a nan danginta ne ke sa yaranmu fitsarin jini. Ku biyo ni a hankali.

2/ A 1849 wani masanin haɗa sinadarai a Landan, Robert Warington, ya zuba ruwa a babban gilashi, ya sa ƴan kifaye biyu da wata ciyawar ruwa. Nufinsa ya ga ko kifi da tsiro za su rayar da juna ba tare da ana sauya ruwa ba.

3/ Da farko abin ya tafi daidai. Can sai tsofaffin ganye suka fara ruɓewa, ruwa ya gurɓace, gansakuka ta lulluɓe gilashin. Maimakon ya zubar, sai ya jefa ƴan katantanwa kaɗan a ciki. Suka cinye ruɓaɓɓen ganyen, ruwa ya washe. A 1850 ya gabatar da sakamakon ga ƙungiyar masana sinadarai ta Landan.

4/ Daga nan abin ya zama yayi a Ingila. A 1853 gidan namun dajin Landan ya buɗe ɗakin kallon kifi ga jama'a. A 1854 Philip Henry Gosse ya fitar da littafi kan kiwon halittun teku a gida, shi ma katantanwar bakin teku ya sa ta riƙa kankare masa gilashi.

5/ Har yau haka masu kiwon murjani a ruwan gishiri suke yi. Kowa da aikinsa: katantanwa ta lashe gansakuka, ƙaramar ƙaguwa ta tsince ragowar abinci, wani irin jatan lande kuma ya cire wa kifi ƙwari a jiki.

6/ Amma zaɓen yana da ƙa'ida. Akwai ƙaguwar da ke zama a kwanson katantanwa, in ba ta samu fanko ba sai ta kashe mai shi ta shige. In kuma ka zuba katantanwa fiye da abincin da ke akwai, yunwa ta kashe su, gawarsu ta ɓata ruwan da aka kawo su gyarawa. Kafin ka sa kowace halitta sai ka san me take ci, wa kuma ke cin ta.

7/ To mu dawo gida. Duk wanda ya tashi a yankinmu na Gaya da Ajingi ya san kududdufi da damina: wanka, wanki, kamun kifi, shayar da dabbobi. Ya kuma san tsargiya. Ni na taso ina jin wasu na cewa jini a fitsarin yaro alamar balaga ce. Ba haka ba ne, tsutsa ce.

8/ Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851. Kun lura? Shekara ɗaya bayan takardar Warington. Amma sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar a Masar cewa katantanwar ruwa ce ke goyon ta kafin ta shiga jikin mutum.

9/ Ga yadda take zagayawa. Mai cutar ya yi fitsari ko bahaya a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, ya shiga katantanwa ya hayayyafa, sannan ya fito ya huda fatar duk wanda ya tsoma jiki. Ba sai ka sha ruwan ba. Nau'in Bulinus ke ɗaukar ta mafitsara, Biomphalaria ta hanji. Ƙanana ne, ba irin babbar nan ta tudu da ake ci a kudu ba.

10/ Abin da suke so shi ne ruwa kwantacce mai ciyawa, wanda ba ya ƙafewa. A da rani kan busar da ruwa da yawa ya rage su. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun kawo noman rani da arziki, ba musu. Amma sun sa ruwa ya daɗe a magudanai da kogin da ya ratsa Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja, ga kacalla ta cika hanyoyin ruwa.

11/ Misalin da ya fi tsaya min a rai na Senegal ne. A 1986 aka kammala madatsar Diama kusa da bakin Kogin Senegal don hana ruwan gishiri hawowa. Akwai wani babban jatan lande na kogin da ke cin katantanwa, amma ƴaƴansa sai a ruwa mai gishiri-gishiri suke tashi, sannan su hau kogi.

12/ Madatsar ta tare masa hanya, ya kusan ɓacewa a saman kogin. Katantanwa ta samu sake, ga ruwa kwantacce. Daga 1988 tsargiyar hanji ta ɓarke a garin Richard Toll, ta zama ɗaya daga cikin manyan ɓarkewar cutar da aka gani a Afirka.

13/ Daga baya masu bincike suka mayar da jatan landen a wata mashigar ruwa ta ƙauyen Lampsar. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna katantanwa masu ɗauke da tsutsa sun ragu da kusan kashi 80 cikin 100 in an kwatanta da ƙauyen da ba a zuba ba, kuma cutar ta yi sauƙi a jikin mutane. Dabarar Warington ce dai, sai dai wannan karon katantanwar ce ake sharewa.

14/ Kada wani ya ce to mu kwaso shi zuwa Kano. Ruwanmu Tafkin Chadi ya nufa, ba teku ba, don haka ba zai hayayyafa da kansa a nan ba. Kuma kawo baƙuwar halitta ba wasa ba ne. A Kenya an zuba wani ɗan uwan jatan lande daga Amurka a Tafkin Naivasha wajen 1970. Yana cin katantanwa, amma ya haɗa da ciyayin tafkin ya yi musu kaca-kaca.

15/ Abin da ke hannunmu yanzu: a daina fitsari da bahaya a bakin ruwa, a riƙa cire ciyawar da ke mashigar wanka, yaron da ya ga jini a kai shi asibiti. Maganin, Praziquantel, akwai shi, ana ma raba shi a makarantu. Amma magani ba ya hana sake kamuwa in ruwan yana nan yadda yake.

16/ Ƴan uwa masu karanta ilimin halittu a Wudil da Kano, ga aikin kammala digiri a ƙofar gida: waɗanne katantanwa ne a kududdufanmu, kuma wane kifi ko ƙwaro na gida ne ke cin su? In garinku ma ana fama da tsargiya, ku faɗa min sunansa a ƙasa.