Daga Tubali Zuwa Dokar Gini a Fagge da Sabon Gari

Kafin zuwan Turawa, Fagge zangon fataken Azbin ce, ƙa'idar gini kuwa tana hannun magina: bangon tubali mai kauri, rufin azara da ƙaramar taga. Irin wannan soro da kansa yake yin sanyi ko da bazara.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai aka yanka Sabon Gari domin baƙi 'yan Kudu, aka fitar da layuka da fulotai. Dokar Gwamna Lugga ta 1917 ta tilasta barin fili yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, don kare lafiyar Bature.

Daga baya bulo da kwano suka mamaye unguwanninmu, zafi ya shigo ɗaka. A 2006 Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin gini, a 2017 aka ƙara na tsimin lantarki: tagogi kada su wuce kashi 20 cikin ɗari na bango sai da inuwa, rufi kuma a sa masa abin tare zafi.

'Yan'uwa masu aiko da kuɗin gini gida, mu nemi izinin hukumar KNUPDA, mu kuma shawarci tsofaffin magina, domin sanyin da doka ke nema yau, su suka gaje shi.