Lotus 51 da Ƙa'idar Fam Dubu: Yadda Aka Ƙera Motar Gano Gwanaye

A tsakiyar shekarun 1960, makarantar koyon tseren mota ta Motor Racing Stables, wadda ke filin Brands Hatch a kudu maso gabashin Landan, tana fama da matsalar kuɗi. Da motocin Formula 3 take koyar da ɗalibai, kuma injinan waɗannan motoci tsada gare su, ga saurin lalacewa a hannun ɗan koyo. Mai makarantar, Geoff Clarke, ya lura cewa injin Ford Cortina GT, motar da magidanta ke zuwa aiki da ita, bai gaza na tseren ƙarfi sosai ba, alhali kuɗinsa bai kai rabi ba. Sai ya sa aka ɗora shi a kan firam ɗin motar tsere. Shi da John Webb, manajan filin, suka kai maganar wurin Henry Taylor, shugaban sashen gasa na kamfanin Ford a Birtaniya, ya amince ya ba da injina. Daga nan aka haifi ajin da ake kira Formula Ford.

Ƙa'idojin ajin duk na takaitawa ne. Kujera ɗaya, tayoyi huɗu a fili ba murfi, firam na bututun ƙarfe da aka yi wa walda, inji kusan yadda ya fito daga masana'anta, tayoyi irin na kan titi, sannan farashin mota gaba ɗaya kada ya wuce fam 1,000. Kamfanin Lotus na Colin Chapman ya ɗauko tsohon zanensa na Formula 3 ya gyara, ya fitar da Lotus 51 a kan fam 955. Ranar 2 ga Yuli, 1967, aka yi tseren farko a Brands Hatch, Ray Allen ya lashe. Ba a jima ba aka koma injin Ford mai lita 1.6 da aka fi sani da Kent.

Hikimar tana cikin abin da aka hana motar. Manyan motocin tsere sun soma ɗaura fuka-fukai a ƙarshen shekarun 1960, domin iska ta danna su ƙasa su kama kwalta a kwana. Formula Ford ba ta yarda da su ba. Siririyar taya ba ta riƙo sosai, don haka motar takan zame, kuma injin ba shi da ƙarfin da zai rama wa direba lokacin da ya ɓatar. Wanda ya taka birki da wuri, ko ya shiga kwana da gaggawa, agogo zai tona masa asiri a gaban kowa. Tunda motocin kusan ɗaya suke, bambancin da aka gani na hannu ne da na zuciya.

Shi ya sa matasa suka riƙa tururuwa zuwa Ingila. Emerson Fittipaldi ya iso daga Birazil a 1969, ya sayi motar Merlyn, zuwa 1972 ya zama zakaran duniya na Formula 1. James Hunt da Jody Scheckter na Afirka ta Kudu su ma ta wannan ƙofa suka bi. Ƙananan masana'antu suka bunƙasa, cikinsu har da Van Diemen, wanda Ralph Firman da abokinsa suka kafa a 1973 kusa da filin Snetterton. A motarsu RF81 ne Ayrton Senna ya lashe kambu biyu a 1981.

Amma wannan shekara ta nuna iyakar abin da mota mai arha za ta iya. Da kakar ta ƙare, Senna ya koma Birazil yana cewa ya bar tsere, saboda rashin masu ɗaukar nauyi da kuma kiran iyali. Tommy Byrne, ɗan talakawa daga Ailan, ya hau motar a gasar Formula Ford Festival ya lashe. A 1982 Byrne ya zama zakaran Formula 3 na Birtaniya, ya ɗan taɓa Formula 1 da ƙaramar ƙungiyar Theodore, daga nan ƙofar ta rufe. Senna kuwa, wanda gidansu ke da hali, ya dawo ya ci gaba har ya zama zakaran duniya sau uku. Motar ta nuna gwanintar su biyun, sai dai ba ita ke biyan kuɗin mataki na gaba ba.

A cikin ajin kansa ma kuɗi ya sami hanya. An janye ƙa'idar fam dubu, ƙwararrun masu gyaran inji suka shiga tace kowane ƙarfe a cikin iyakar doka, ƙungiyoyi masu injiniyoyi suka maye gurbin saurayin da ke jan motarsa a tirela. Injin Zetec ya zo a 1993, Duratec a 2006, EcoBoost a 2012. A 2014 hukumar FIA ta ƙaddamar da Formula 4, mai fuka-fukai da firam na zaren kabon wanda ya fi kare rai a haɗari. A 2015 gasar Birtaniya ta koma wannan tsari, Lando Norris ya zama zakaranta na farko.

Tsaron da aka samu riba ce ta gaske, kuma tsadarsa ta gaske ce. Yau yaron da ke son kujera ɗaya yana buƙatar uba mai dukiya ko kamfanin da zai tsaya masa tun yana tseren kart. Tsofaffin motoci masu injin Kent kuwa har yanzu suna taruwa kowace kaka a Brands Hatch da kuma Silverstone, inda ake gasar Walter Hayes Trophy.