Furotin daga Shara: Tarihinsa daga Balin zuwa Agege

Furotin na ƙananan halittu abinci ne da ake samu idan aka kiwata yis, ko bakteriya, ko fumfuna, sau da yawa a kan abin da masana'anta ko gona ta zubar, sannan a busar da su a ba dabba ko mutum. Halittun suna cin sukari da naitorojin da suka rage a cikin sharar, su hayayyafa cikin 'yan sa'o'i. Busasshen yis kusan rabin nauyinsa furotin ne, na bakteriya kuwa yakan kai kashi 70 cikin 100. Yawancin rubuce-rubucen da aka yi kan tarihin wannan fanni ba sa wuce masana'antun Turai. Rabon Najeriya yana warwatse a cikin kundayen jami'o'i, na masu kiwon Agege ta Legas kuwa yana bakin masu shi.

Farkon lamarin

Yaƙi ne ya haifi sana'ar. A 1915, da aka toshe wa Jamus hanyoyin ruwa, cibiyar binciken ruɓar da hatsi ta Balin, ƙarƙashin Max Delbrück, ta shiga kiwon yis a kan maɗin sukari don ciyar da dabbobi. A Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawa suka koma ga yis ɗin torula, suna kiwonsa a ruwan dattin masana'antar takarda. Turawan Ingila ma sun kafa masana'antar yis ɗin torula a Jamaika a tsakiyar shekarun 1940. Wasu kan ja tarihin baya zuwa Marmite na 1902, wanda aka yi da ragowar yis ɗin kamfanonin giya, amma wannan kayan ɗanɗano ne, ba a yi shi don ƙosar da kowa ba.

Zamanin manyan tukwane, 1960 zuwa 1991

Shekarun 1960 sun zo da fargabar cewa duniya za ta rasa furotin. Kamfanonin mai suka ga kasuwa. BP ya kiwata yis a kan kakin ɗanyen mai a Lavéra ta Faransa bisa binciken Alfred Champagnat, ya sa wa abin suna Toprina, har ya gina masana'antar tan 100,000 a shekara a tsibirin Sadiniya. Ba ta taɓa sayar da ko buhu ɗaya ba: hukumomin Italiya sun hana, saboda tsoron guba, kuma tashin farashin mai na 1973 ya riga ya karya lissafin. ICI na Ingila ya buɗe tasa a Billingham a 1980, yana kiwon bakteriya a kan metanol, abin da ya kira Pruteen. Fasahar ta yi aiki, sai dai waken suya na Amurka ya fi araha, aka rufe kafin shekarun 1980 su ƙare. Tarayyar Sobiyet ce ta fi kowa yawan samarwa, har mutanen garin Kirishi suka fito zanga-zanga a 1987 saboda ƙurar masana'antar na sa musu ciwon asma.

Ana yawan jera waɗannan a matsayin misalan sake amfani da shara, alhali mai da metanol kaya ne da ake saye da kuɗi. Misalin gaskiya shi ne Pekilo na ƙasar Finlan, wanda ya fara a Jämsänkoski a 1975. Fumfuna ce ake kiwo a ruwan da masana'antar takarda ke zubarwa a kogi, ana samun abincin kaji da sauran dabbobi, kogin kuma ya huta. Ya tsaya a 1991, ba don ya gaza ba, sai don masu takarda sun sauya hanyar aiki, sharar da yake dogaro da ita ta ƙare. Wanda ya tsira daga wancan zamani shi ne Quorn, da ya shiga kantunan Ingila a 1985, shi ma da tsabtataccen sukari ake yinsa.

Akwai matsala guda da ta hana mutum cin irin wannan abinci kai tsaye. Halittar da ke saurin hayayyafa tana tara sinadarin gado mai yawa a jikinta, wanda ke komawa gishirin da ke haddasa ciwon gaɓoɓi da tsakuwar ƙoda. Sai an rage shi da zafi kafin ya dace da cikin mutum. Saniya ba ta da wannan damuwa.

Tumbi

Saniya ta riga injiniyoyi. Tumbinta cike yake da bakteriya da ke narkar da ciyawa, su gina jikinsu da naitorojin, sannan su gangara hanji ta narkar da su. Fiye da rabin furotin da jikinta ke samu daga nan yake fitowa. Nathan Zuntz ya hango haka a 1891. A 1966 Artturi Virtanen, ɗan Finlan mai lambar Nobel, ya wallafa sakamakon gwajin shanun da suka yi ta ba da madara ba tare da an ba su furotin ko kaɗan ba, sai sitaci da sukari da yuriya, irin wadda manomi ke zuba wa masara. Yawancin abin da ya faru a Agege a kan wannan gaskiya ya tsaya.

Agege

Goro da jirgin ƙasa ne suka tara Hausawa a Agege. Layin dogo daga Legas ya isa Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911, ko da yake wasu na rubuta 1912, shekarar da aka buɗe shi ga jama'a. Goro ya yi arewa, shanu suka yi kudu, Zango ya cika. Daga baya gwamnatin Jihar Legas ta kafa babbar mayankarta a Oko-Oba, inda dillalai da mahauta da masu ɗaukar kaya 'yan Arewa ke aiki kafaɗa da kafaɗa da Yarbawa.

Matsalar mai kiwo a nan ita ce babu makiyaya. Harawa da ƙowa sai an yo musu lodin mota daga Arewa, kuɗin mota yakan kusa cinye ribar. Amma unguwar tana maƙwabtaka da masana'antu. Kamfanin Flour Mills na Apapa ya fara niƙa alkama a 1962, dusarsa ta zama ginshiƙin kiwon raguna a birnin. Pfizer ya kafa kamfanin abincin dabbobi na Livestock Feeds a Ikeja a 1963. Kamfanin giya na Guinness ma a Ikeja ya sauka. Ana rubuta 1962 ko 1963, ta farkon shekarar gini ce, ta biyun ita ce ta fara aiki. A 1982 ya ƙara wata masana'antar a Ogba, dab da Agege. Abin da irin waɗannan masana'antun giya ke zubarwa shi ne jiƙaƙƙiyar dusa mai furotin kusan kashi ɗaya cikin huɗu idan ta bushe, da kuma ragowar yis, wanda shi ne ainihin furotin na ƙananan halittu. Dusar takan iso da ɗuminta, tana tsami. Idan ba a shanya ta ko an ciyar da ita cikin kwana biyu zuwa uku ba, damshin Legas zai rufe ta da fumfuna. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin suka koma dawa da masara. Dawar Kano da Kaduna ta bi shanun zuwa kudu, dusarta ta ƙare a kwamin waɗansunsu.

Ba kowane mai kiwo ke karɓarta ba. Wasu na ƙyamar duk abin da ya fito daga gidan giya, musamman ga ragon layya. Haka ma kashin kaji, wanda wasu masu turka shanu ke busarwa, su tankaɗe, su gauraya da dusa, tunda tumbi na mai da naitorojin ɗinsa tsoka. A nan ake tuna babin jallala a fiƙihu, wato dabbar da ke cin najasa. Wasu malamai sun ce sai an tsare ta kwanaki a kan abinci mai tsabta kafin a yanka, Malikiyya sun fi sassautawa.

A mayankar kanta, abin da aka fi zubarwa shi ne kayan cikin tumbi. Da an farke shi sai koriyar ciyawa mai tururi ta zubo, a ture ta gefe da shebur, wata ta tafi lambu a matsayin taki, mafi yawa ruwa ya kwashe zuwa magudana. Ciki kuwa akwai bakteriyar da saniyar ba ta kai ga narkarwa ba. A farkon shekarun 2000 masu bincike a Jami'ar Ilorin sun gauraya kayan cikin tumbin da jini, suka dafa, suka busar, suka nuna cewa kaji masu ƙwai na iya cinsa a madadin wani ɓangare na abincinsu. Jinin dama an daɗe ana dafawa a busar a sayar wa masu haɗa abincin kaji.

Rogo

Najeriya ce kan gaba a duniya a noman rogo, kusan tan miliyan 60 a shekara, ɓawonsa kuwa tuli ake yi. Cibiyar binciken masana'antu ta tarayya da ke Oshodi, wadda asalinta ya koma 1956, ta yi suna da aikin I. A. Akinrele kan yadda garin rogo ke tsami. A jami'o'in Ibadan da Akure an nuna cewa yis da fumfuna na ɗaga furotin ɗin ɓawon, wanda bai cika wuce kashi 5 ba, su kuma rage gubarsa. Abin da ya fita daga ɗakin gwaji ya shiga kasuwa bai kai haka zurfi ba. Wajajen 2015 cibiyar binciken dabbobi ta ILRI a Ibadan ta fito da hanyar gurzar ɓawon, a matse, a tankaɗe, a busar: tan uku na ɗanye na ba da tan ɗaya na busasshe.

A waje, fannin ya farfaɗo. A 2022 Singafo ta amince da Solein, garin bakteriya da wani kamfanin Finlan ke kiwo da iskar haidurojin da hayaƙin kabon.